Shin Ko Kun San? Barbaɗen Ƙarfe Kan Sauya Launin Haske

Shin ko kun san akwai ƙwayoyin lu'ulu'u da masana ke haɗawa a ɗakin gwaji, waɗanda sai an jera dubbansu kafin su kai kaurin silin gashi? Ana ce musu ferofskayit, sunan da suka gada daga wani dutse da aka gano a tsaunukan Ural na Rasha a 1839, aka sa masa sunan Lev Perovski. A 2015 ne ayarin Maksym Kovalenko na jami'ar ETH da ke Zurich ya haɗa su da siziyom da dalma. Idan cikon na ukun kulorin ne, su ba da haske shunayya. Idan buromin ne kore. Idan aidin ne ja.

Shin ko kun san in aka cire 'yan ƙwayoyin dalma ƙalilan aka sa manganis a gurbinsu, shunayyan nan sai ya rikiɗe ruwan lemo? Lu'ulu'un ne ke shan hasken, ya miƙa ƙarfinsa ga manganis, shi kuma ya fitar da shi da nasa launin, sannu a hankali, har ƙyallin ya ninka na asali daɗewa sau dubbai. Ɗan kaɗan ake sawa, kamar gishiri a miya. In ya yi yawa hasken ya dushe.

Kadmiyom da zinki kan tsuke ginin lu'ulu'un, kore ya karkata zuwa shuɗi. Bismut kuwa dakushe hasken yake yi.

Wanda ya fi burge ni shi ne itabiyom. Ƙwayar haske ɗaya mai ƙarfi ta shiga, biyu masu rauni su fito, a tsawon zango wajen nanomita 980, inda ido ba ya gani amma silikon na farantin sola ke sha sosai. Shi silikon, yawancin ƙarfin hasken da ke gaba da shunayya zafi yake mayar da shi, a yi asararsa. A 2018 ayarin Daniel Gamelin na Jami'ar Washington ya samu ƙwayoyin haske kusan 170 daga kowace 100 da lu'ulu'un ya sha.

Sai dai dalmar tana nan, don barbaɗen bai maye gurbin ko rabinta ba. Wanda ya tuna yaran Zamfara da gubar dalma ta hallaka a 2010 ba zai raina wannan ba. Ga shi kuma danshi na lalata lu'ulu'un, dole a lulluɓe shi da gilashi ko roba kafin ya shiga kowace na'ura.