Kwarjini a Wurin Aiki: Misalin Abubakar Tafawa Ɓalewa

Kwarjini shi ne nauyin da mutum yake da shi a idon jama'a, wanda yakan sa a yi tsit idan ya buɗe baki, a kuma bi umurninsa ba tare da ya ɗaga murya ba. Sau da yawa akan rikita shi da tsoro, alhali kuwa bambancinsu a fili yake. Shugaban da ake tsoro, da zarar ya ba da baya sai aiki ya tsaya. Mai kwarjini kuwa, ko ba ya nan ana jin kunyar a saɓa masa.

Rayuwar Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ta isa misali. Ba ɗan babban gidan sarauta ba ne. Ya gama Kwalejin Katsina a 1933, ya koma Bauchi yana koyarwa a makarantar Midil har ya zama shugabanta. Tushen kwarjininsa na farko ke nan, wato sanin aiki, domin ɗalibai ba su girmama malamin da bai san darasinsa ba.

Na biyu shi ne auna magana. Yakan yi jawabi a natse, da murya mai kauri, har aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Da wannan natsuwa ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba na 1960, yana Firayim Minista, lokacin da aka karɓi Nijeriya cikinta.

Na uku shi ne faɗin gaskiya cikin ladabi. A 1950 ya gabatar da batu a Majalisar Dokokin Arewa a Kaduna, yana neman a gyara tsarin mulkin En'e, a zamanin da taɓa ikon sarakuna ba ƙaramin haɗari ba ne. Bai zagi kowa ba, hujja ya kawo, aka kuwa amince.

Na huɗu shi ne tsare hannu daga dukiyar jama'a. Da aka kashe shi a juyin mulkin Janairu na 1966, bai bar wata dukiya ta a zo a gani ba.

Saboda haka ma'aikacin da yake neman a ga girmansa, sai ya fara da ƙwarewa a kan aikinsa, ya rage surutu, ya cika alkawari, ya guji tsawata wa na ƙasa da shi a bainar jama'a. Babbar riga da babban ofis ana iya ba mutum rana ɗaya, amma kwarjini sai an shekara ana tara shi, cin amana ɗaya kuma ya isa ya rushe shi.