Wa Ke Yi Wa Majalisa Hisabin Kuɗinta?

Tun daga watan Agusta na 2024, lokacin da tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo ya zargi 'yan Majalisar Tarayya da yanka wa kansu albashi, gardamar nan ba ta mutu ba, sai dai ta lafa ta sake tashi duk sa'ad da aka kawo kasafin kuɗin shekara. A wancan karon hukumar da ke tsara rabon kuɗin shiga na ƙasa, watau RMAFC, ta ce abin da sanata ke karɓa a wata, albashi da alawus gaba ɗaya, naira miliyan 1 ne da dubu 63. Ba a jima ba kuma Sanata Kawu Sumaila na Kano ta Kudu ya shaida wa Sashen Hausa na BBC cewa kuɗin gudanar da ofis da ke shigo masa a wata sun kai naira miliyan 21. Jama'a suka ce lalle ɗayansu ya yi ƙarya, alhali kuwa kowannensu gaskiya ya faɗa, illa dai ba a kan abu ɗaya suke magana ba.

Abin takaici a cikin wannan cece-kuce shi ne yadda mutane, har da masu ilmi, suka ɗora dukkan fushinsu a kan albashi, wanda shi da alawus ne kaɗai abin da doka ta fitar daga hannun 'yan majalisa, domin sashe na 70 na Tsarin Mulkin 1999 ya danƙa ƙayyade su ga waccan hukumar. Saboda haka duk ranar da aka tuhume su da maganar albashi, sai su buɗe littafin doka su nuna cewa ba su da hannu, su fita sumul, mai tuhuma ya koma da kunya. Dukiyar da ta cancanci tambaya tana wani wurin dabam, cikin kasafin da majalisa ke yi wa gidanta, inda kuɗin gudanar da ofis suke, waɗanda Sanata Shehu Sani ya fara tona adadinsu a 2018, ya ce naira miliyan 13.5 ne a kowane wata.

Majalisa kuwa ba zauren muhawara kaɗai ba ce, ma'aikata ce babba mai hidimar mutum 469, sanatoci 109 da wakilai 360, da mataimakansu, da magatakardu, da masu gadi, da gine-gine da motoci. Akawun Majalisa shi ne shugaban ma'aikatan nan duka, kuma shi ke da alhakin lissafin abin da aka kashe. Akwai hukuma ta musamman mai ɗaukar ma'aikatan da ƙara musu girma da ladabtar da su. Sannan kowane zaure yana da kwamitin hidimomi, wanda ke duba jin daɗin mambobi da sayen kayan aikinsu. A 2010 aka gyara Tsarin Mulki yadda kuɗin majalisa za su riƙa fitowa kai tsaye daga baitulmali ba tare da sun bi ta hannun minista ba. Hikimar wannan gyara a fili take, gama majalisar da sai ta durƙusa wa shugaban ƙasa kafin ta biya kuɗin wutar lantarkinta ba za ta iya duban idonsa ta tambaye shi inda ya kai dukiyar al'umma ba.

To, amma 'yancin nan ya zo da wata illa wadda ba a yi mata magani ba. Majalisa ce ke tsara bukatunta, ita ce ke amincewa da kasafin ƙasa wanda nata yake ciki, ita ce kuma ke kashewa. Daga 2011 zuwa 2014 naira biliyan 150 take ɗauka kowace shekara, a rubuce cikin layi guda, ba bayanin nawa ya tafi ina, sai a 2017, zamanin shugabancin Bukola Saraki da Yakubu Dogara, bayan doguwar matsa lamba daga ƙungiyoyin farar hula, aka bayyana rabe-raben naira biliyan 125 na wannan shekarar. A kasafin 2024 kuwa, fadar shugaban ƙasa ta rubuta mata kimanin biliyan 198, da takardar ta fito daga zaure sai ga shi adadin ya haura biliyan 344.

Wani zai ce ai akwai Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya, kuma gaskiya ne, sashe na 85 ya ba shi ikon duba littattafan kowane ofishin gwamnatin tarayya. Sai dai idan ya gama bincikensa, majalisar nan dai zai miƙa wa rahoton, kwamitocinta na asusun gwamnati su ne za su zauna a kansa. Majalisar dattawa ce ke tabbatar da naɗinsa, kuma kuɗin da ofishinsa zai yi aiki da su sai majalisa ta yarda. Misalin wannan shi ne uwar adashi wadda kuɗi ke hannunta, littafin zubi ke hannunta, idan kuma 'yan adashi suka kawo mai lissafi ya gano giɓi, sai ya rubuta ya miƙa mata, ita za ta yanke hukuncin ko a yi maganar ko a bar ta. Ko da matar nan ta fi kowa tsoron Allah, ba za ta kuɓuta daga zato ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da tabbatar da cewa ba a karɓar shaidar mutum a kan abin da zai jawo masa amfani, ba don an ce maƙaryaci ne ba, sai don a tsare haƙƙi, a kuma tsare mutuncinsa shi kansa.

Ingila ma, wadda majalisarta ta fi tamu tsufa da ɗaruruwan shekaru, ta ɗanɗani wannan. Tun 1978 doka ta kafa hukumar da ke gudanar da gidan Majalisar Wakilansu ƙarƙashin Kakaki, amma cikakken bayanin alawus ɗin mambobi ya zauna a rufe har 2009, lokacin da jaridar Daily Telegraph ta wallafa takardun da suke karɓar kuɗi da su, aka ga har da wanda ya nemi a biya shi kuɗin ɗakin agwagi. Kakakin majalisar, Michael Martin, ya sauka, wasu mambobi suka tafi kurkuku, aka kuma kafa hukuma mai zaman kanta, IPSA, wadda ke biyan kuɗin hidimar ofis bisa rasit, tana wallafa abin da kowane ɗan majalisa ya karɓa don duk mai so ya duba. Majalisar ba ta rasa 'yancinta ba saboda haka.

Wajibi ne kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, cewa muna da kaso a cikin laifin. Ɗan majalisar da ƙofar gidansa ke cika tun asuba da masu neman kuɗin suna da na biki da na asibiti ya sami hujjar da zai kare miliyoyin nan da ita, wanda kuma ya karɓi rabonsa a ambulan bakinsa ya mutu, ba shi da sauran tambaya. Dokar 'yancin samun bayanai tana nan tun 2011, amma ba kasafai talaka ke amfani da ita ba.

Saboda haka, ya kai mai karatu, ranar da wakilinka ya zo gida, kada ka ɓata lokaci kana tambayarsa albashinsa, amsar wannan tana rubuce. Tambaye shi nawa aka ba shi na gudanar da ofis, ina rasit ɗin abin da ya kashe, kuma ko zai goyi bayan dokar da za ta sa wata hukuma daga wajen majalisa ta riƙa duba kuɗin nan tana wallafawa kowace shekara. Dukiyar baitulmali amana ce, wanda ya riƙe ta da gaskiya kuwa ba ya gudun hisabi.