Kayan kiɗan zamani: a auna kai da akwati kafin a biya kuɗi

Tun daga bikin matasa na ƙasa da aka fara a Damagaram cikin 1976, har zuwa gasar Ɗan Gurmu da aka buɗe cikin 1987, kiɗan zamani ya samu gindin zama a Nijar. Ƙungiyoyin makaɗa suka yawaita, gidajen matasa da ofisoshin magajin gari suka shiga sayen kaya. Amma har yau akwai hasarar da ke maimaituwa. Ana tsakiyar wasa, fili ya cika, sai muryar gitar bas ta shaƙe, warin ƙuna ya tashi bayan dandali. Washegari a ɗora laifi bisa mai kiɗa ko bisa ɗan kasuwa, alhali sau da yawa ɓarnar ta faru tun ranar saye, lokacin da aka haɗa kai da akwatin da ba nasa ba.

Kayan bas kashi biyu ne. Akwai kai, watau ampili, wanda ke karɓar ƴar muryar da ke fitowa daga gita ya ƙara mata ƙarfi. Akwai kuma akwati, wanda makaɗa ke kira bafal, mai ɗauke da lasifikokin da ke tura iska har kunne ya ji. Kamfanin Fender na Amurka ya fitar da gitar bas mai aiki da kuran cikin 1951. Cikin 1969 kamfanin Ampeg ya fito da kai mai suna SVT, mai wat 300, da akwatinsa mai lasifika 8. Kan nan shi kaɗai nauyinsa ya kusa kilo 40. A yau ana samun kai mai wat 500 wanda bai kai kilo 3 ba, amma ƙa'idar haɗa shi da akwati ba ta sake ba.

Abu na farko da mai saye zai duba shi ne wani ƙaramin adadi da ke rubuce bayan akwati, 4 ko 8 ko 16, tare da alamar Ω mai kama da ƙwarya a kife. Sunan awon nan om, daga sunan wani malami Bajamushe, Georg Ohm, wanda ya bayyana ƙa'idarsa cikin 1827. A ɗauki akwati tamkar ƙofar da kuran ke bi. Adadi babba ƙofa ce matsattsa, adadi ƙarami ƙofa ce mai faɗi. Ke nan akwati mai om 4 ya fi mai om 8 jan kuran daga kai. Bayan kai kuma an rubuta iyakar abin da yake iya ɗauka, galibi om 4. In aka sauka ƙasa da wannan iyaka, kai zai yi zafi. Mai kariya ya kashe kansa, marar kariya ya ƙone.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne wajen haɗa akwati biyu. Hankali yana cewa 8 da 8 sun zama 16. Ba haka ba ne. Ramukan da ke bayan mafi yawan kawuna suna jera akwatuna kafaɗa da kafaɗa, watau an buɗe ƙofa biyu maimakon ɗaya, hanya ta ƙara faɗi. Lissafin bai fi ƙarfin wanda ya gama karatun yaƙi da jahilci ba: a ninka adadin biyu, a raba da jimlarsu. Takwas sau takwas 64, a raba da 16, an samu 4. Wannan lafiya lau. Huɗu sau huɗu 16, a raba da 8, an samu 2; kan da iyakarsa 4 ya shiga haɗari. Akwati mai 8 da mai 4 kuwa suna ba da 32 a raba da 12, wajen 2,7, shi ma ƙasa da iyaka. Bugu da ƙari, mai om 4 zai kwashe kashi biyu cikin uku na ƙarfin, ko da shi ne ƙaramin akwati. Saboda haka ƙungiyar da kuɗinta bai kai na akwati biyu ba bana, gara ta fara da mai om 8, don ta bar wa na baɗi wuri.

Kai mai fitila, irin SVT, halinsa dabam ne. Mai tiranzisto ba ya damuwa in an ba shi akwati mai adadi sama da iyakarsa, ƙarfinsa kawai ke raguwa. Mai fitila yana son daidai adadin da aka rubuta bisa raminsa, kuma ba a kaɗa shi babu akwati, don tiransifomarsa na iya ƙonewa, ita ce kuwa mai tsadar gyara.

Sai maganar wat, wadda ƴan kasuwa suka fi so. Tsirkiyar bas mafi kauri tana kaɗawa sau 41 cikin daƙiƙa guda, kuma irin wannan murya tana bukatar a tura iska mai yawa, balle a fili inda babu bango. Amma ninka wat ba ya ninka ƙara. Sai an ninka shi wajen sau goma kunne ke jin ta ninku. Akwati na biyu ya kan fi ƙarin wat amfani. Adadin da za a dogara gare shi shi ne wanda aka rubuta RMS kusa da shi, ba dubban da ake zanawa da manyan baƙaƙe bisa kwali ba. Ya kyautu ƙarfin kai ya yi kusa da abin da akwatuna ke ɗauka. In lasifika ta fara ɓarɓarniya, ta kai iyakarta ke nan, sai a rage.

Tsofaffin kayan da ke shigowa kasuwannin Yamai da Maraɗi suna bukatar ƙarin lura. Kuran Nijar bolt 220 ne, na Amurka 120; kan da aka ƙera don can, in bai da wurin sauyawa, sai da tiransifoma. Tsohon akwati kuma ana iya sake masa lasifika rubutun baya bai sake ba. Mai gyaran rediyo yana iya auna shi da mita: mai om 8 ya kan nuna tsakanin 5 da 7, mai om 4 wajen 3. Igiyar gita ba ta maye igiyar akwati, ko da bakinsu iri ɗaya ne, domin siririya ce, zafi take yi. Cikin bazara, sa'ad da zafi ke wuce awo 40 a Tawa, kai yana son inuwa da sarari bayansa, a kuma kakkaɓe ƙurar hunturu daga ramukan iskarsa.

Ma'aikacin da ke rubuta takardar odar kaya, in ya sa "ampili ɗaya, bafal biyu" kurum, ya bar wa ɗan kasuwa zaɓi. Takardar ta faɗi om na kowane akwati, da iyakar om na kai, da wat RMS, da bolt. Ranar karɓar kaya kuma a kira mai kaɗa bas na ƙungiyar ya zo da gitarsa, a haɗa akwatunan duka biyu, ya kaɗa rabin awa da ƙarfin da zai yi wasa da shi, a taɓa bayan kai a ji zafinsa kafin a sa hannu.