Adaidaita Sahu, Motar Asibitin Talakan Kano

A unguwanni irin su Kurna, Rimin Kebe da Ɗorayi, idan naƙuda ta zo da gardama cikin dare ko yaro ya kama jijjiga, da wuya a tuna da lambar gaggawa ta 112. Ƙofar maƙwabci mai adaidaita sahu ake bugawa. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, keken nan ya zama motar asibitin talaka, domin lungunan da aka yanka ba tsari, ga kwatoci a buɗe, ba sa shiguwa ga mota. A tabarma ake ɗauko mara lafiya zuwa bakin titi, a kishingiɗar da shi a kujerar baya, ƙafafu a waje, yana zubar da jini ba mai sanin yadda ake tsayar da shi. Da aka hana kekunan zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe a 2022 saboda tsaro, an taɓa lokacin da aka fi bukatarsu.

Isa asibiti ma ba ƙarshen wahala ba ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta haramta ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa, amma a ƙasar da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani daga aljihun jama'a yake fitowa, sai an yanki kati, an sayo safar hannu da ledar ƙarin ruwa, an nemo mai ba da jini. Tsoron wannan lissafi ne ke sa magidanci ya fara da kemis ɗin unguwa, ba ya nufar asibiti sai ciwo ya ci ƙarfin mai shi.

Wasu na ganin maganin shi ne a sayo motocin asibiti, wai dogaro da adaidaita mayar da hannun agogo baya ne. Ana bukatar motocin, babu musu, kuma shirin agajin gaggawa na NEMSAS da gwamnatin tarayya ta fara a 2022 ya kama hanya. Sai dai motar da ba ta shiga lungu, ta kuma ajiye mutum gaban mai karɓar kuɗi, rabin aiki ta yi. Abin da zai fi saurin ceton rai shi ne a koya wa direbobin taimakon farko, a ba su shaidar wucewa cikin dare, sannan a riƙa biyan asibitoci a kan kari daga kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar ta ware wa gaggawa. Ya kamata majalisar dokokin jiha ta bibiyi inda kuɗin nan ke tafiya.