KARE MAI YAWAN SUSA: YADDA A KE GANE DALILI

Mafarauci da manomi da makiyayi duk sun san amfanin kare. Amma karen da ya kwana yana susa ba ya gadi, ba ya kuwa iya bin sawun nama da safe. Gashinsa ya kan zube, fatarsa ta yi kauri ta yi baƙi, ya rame. Sau da yawa mai shi ya kan ce ƙazwa ce, ya shafe shi da baƙin mai, in abin ya ƙi ya kore shi daga gida. Ƙaiƙayi kuwa ba cuta ɗaya ba ce. Alama ce, kamar yadda zazzaɓi ya ke ga mutum, abubuwan da ke kawo shi suna da yawa. Hanyar gane su ita ce a bi su ɗaya bayan ɗaya, a fara da mai sauƙi.

Ƙuma

Da ƙuma a ke farawa. Ƙuma ta kan zuba yawunta cikin fata sa'ad da ta ke shan jini. Yawancin karnuka su kan yi 'yar susa, shi ke nan. Amma akwai waɗanda jikinsu ba ya shiri da wannan yawu ko kaɗan, cizo ɗaya ko biyu ya isa ya hana su sakat kwana da kwanaki. Irin wannan shi ne Turawa ke kira alaji. Wani likitan yara na birnin Biyana, Clemens von Pirquet, shi ya ƙago kalmar a 1906. Ma'anarta jiki ya tashi faɗa da abin da ba ya cutar da sauran 'yan'uwansa, kamar mutumin da borin jini ke kamawa in ya ci wani abinci wanda kowa a gidan ya ci lafiya.

Karen da yawun ƙuma ke damu ya fi cizon gindin wutsiyarsa da gadon bayansa da cinyoyinsa. Mai shi ya kan rantse bai ga ƙuma ko ɗaya ba, ba kuwa ƙarya ya yi ba, don karen ya lashe su. Ga yadda za a gwada: a tsai da shi bisa farar takarda, a taje bayansa, sa'an nan a ɗiga ruwa kan baƙin garin da ya zubo. In ya narke ya yi ja, kashin ƙuma ne, watau busasshen jini.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba, ƙumar da ke jikin kare kaɗan ce bisa ga wadda ke ƙasa. Mace ɗaya tana iya yin ƙwai 40 zuwa 50 a yini, ƙwan kuwa zubewa su ke yi a makwancinsa, cikin keso da tsumma da ƙasar gindin rumbu. Saboda haka wanke kare kaɗai aikin banza ne. Lalle a share makwancin, a ƙone keson, a wanke buhun da ruwan zafi a shanya a rana, a kuma yi wa dukan karnuka da kyanwoyin gidan magani tare, har wata 3 ba fashi. Tun 2014 akwai ƙwaya mai suna Bravecto wadda guda ɗaya ke kashe ƙuma da kaska har mako 12, amma tana da tsada, kuma gwargwadon nauyin kare a ke ba da ita.

Ƙazwa

Ƙazwa ba alaji ba ce daga tushe, wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani, wanda ke haƙa rami cikin fata. Ta fi kama bakin kunne da gwiwar ƙafar gaba da ciki. In an murza bakin kunnen kare, ya ɗaga ƙafar baya yana susar iska, to, akwai zaton ita ce. Tana yaɗuwa daga kare zuwa kare, har yaran da ke wasa da shi su kan sami ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu da ciki, ko da ya ke ƙwaron ba ya daɗewa a jikin mutum. Likitan dabbobi ya kan kankari fata ya duba a madubin likita. Sau da yawa ba ya ganin kome alhali cutar tana nan, don haka ya kan yi maganinta ya ga abin da zai biyo baya. Ita dai tana warkewa sarai.

In ƙuma da ƙazwa sun fita

In an yi duk wannan, susa ba ta daina ba, saura abu biyu: abin da karen ke ci, da abin da ke kewaye da shi, kamar ƙurar ɗaka da garin furen ciyawa. Alamunsu kusan ɗaya ne. Ya yi ta lasar daginsa, yana goga fuska a bango, hammata da matsematsi su yi ja, kunne ya riƙa wari yana warkewa yana dawowa. Na ƙura da fure ya kan soma ne tsakanin wata 6 da shekara 3 da haihuwa, ana kuwa gadonsa. Yana da kyau mai kare ya riƙe lokacin da abin ke tashi. Wanda ke zuwa da damina ya lafa da rani, da wuya ya zama na abinci.

Na abinci ba a gane shi da awon jini, sai da gwaji. Naman sa da madara da kaza da alkama su suka fi jawo shi. Sai a zaɓi nama iri ɗaya da karen bai taɓa ci ba, misali zomo, da abin haɗi ɗaya, misali dankali, a ba shi su kaɗai da ruwa har mako 8. In susa ta ragu, a mayar masa da tsohon abincinsa. In ta dawo cikin mako 2, an kama ɓarawo. Wannan gwaji yana da wuya ƙwarai ga karen da ke yawo gari, gama ƙashi ɗaya daga mahauta, ko ƙanzon da yaro ya jefa masa don tausayi, ya ɓata aikin duka. Wanda ba zai iya tsare karensa mako 8 ba, gara kada ya fara. Kada kuma a yi wa ɗan kwikwiyo sai da shawarar likita, don abincin bai ishe shi girma ba.

Alajin ƙura da fure ba ya warkewa, sai dai a yi ta lallaɓa shi muddin ran karen. Wanka sau ɗaya a mako da sabulun da likita ya nuna yana rage shi, haka kuma wanke dagi in an komo daga jeji. In fata ta yi ruwa ko ƙuraje masu mugunya, wata cuta ce ta hau kan ta fari, tana da nata magani dabam. Ƙwayar firednisolon tana kwantar da ƙaiƙayi nan da nan, shi ya sa wasu ke sayenta a kasuwa su yi ta ɗura wa kare wata da watanni. Ƙarshenta ya riƙa shan ruwa da fitsari ba iyaka, tumbinsa ya fito, fatarsa ta yi laushi, kowace cuta ta same shi a arha. Akwai sabon magani, Apoquel, da aka yarda da shi a Amurka a 2013, shi ma likita ne ke ba da shi.

Abin da ba a yi

Baƙin mai da kananzir suna ƙona fata, karen kuma ya lashe su ya sha guba. Maganin feshin gona da fiya-fiya suna iya kashe kare, su cuci wanda ya shafa. Gamalin, wanda aka daɗe ana wanke dabbobi da shi, ƙasashen duniya sun amince a daina yin sinadarinsa tun 2009. Maganin ƙumar kare kuma akwai wanda ke kashe kyanwa, sai a tambaya kafin a shafa mata.

Mai zuwa asibitin dabbobi ya tafi da karen ba tare da ya wanke shi ba, ya riƙe kwalba ko takardar duk abin da ya riga ya shafa masa ko ya ba shi, ya kuma faɗi ko akwai wani a gidan da ke susa.