Ƙaramin Taragon Birney: Yadda Aka Cece Shi Daga Hannun 'Yan Gwangwan

Kafin motocin haya su cika titunan Amurka, taragon lantarki ne ke jigilar ma'aikata a cikin gari. Wato tarago ne mai bin layin dogo a tsakiyar titi, yana jan wuta daga wayar da ke bisansa. Daga cikin ire-irensa akwai wani ƙarami da ake kira Birney, wanda labarinsa zai ba direbobi da yaran mota sha'awa.

Wajen shekarar 1914 masu ƙananan motoci suka shiga yin kabu-kabu, suna kwashe fasinja kafin tarago ya iso. Kamfanonin tarago suka ga ciniki yana zurarewa, ga kuma albashin mutum biyu a kowane tarago, direba da kwandasta. Sai injiniyoyi biyu, Charles Birney da Joseph Bosenbury, suka ƙago ƙaramin tarago a 1915. Tsawonsa wajen ƙafa 28, kujerunsa na mutum 30 da 'yan kai, mutum ɗaya kuma ke tuƙi yana karɓar kuɗi. Da yake ba shi da nauyi, bai cin wuta da yawa, saboda haka kamfani na iya sako taragu a kai a kai, fasinja bai daɗe yana jira ba.

To, idan direba ya suma fa, alhali ba kwandasta? An yi wa wannan dabara. Da zarar ya saki hannun tuƙi, wuta ta yanke, burki ya kama da kansa. Kazalika muddin ƙofa na buɗe, taragon ba ya motsawa. Zuwa 1930 an ƙera fiye da 6,000, har aka sayar da wasu a Kanada da Ostareliya. Amma ribar kamfani asarar kwandasta ce, domin duk layin da Birney ya shiga, aikinsa ya tafi.

Taragon kansa yana da aibu. Ƙafafunsa huɗu ne kacal, a matse a tsakiya, don haka yakan yi ta sukuwa da fasinja in layi ya lalace, kuma ƙanƙara kan tsayar da shi. Da bas-bas suka yawaita, sai aka riƙa sayar da shi ga masu saye don ƙarfe, wasu kuma aka mai da su rumfuna.

Garin Fort Collins na jihar Colorado shi ya riƙe nasa har ƙarshe. Hukumar garin ta sayi taragun a 1919, kuɗin shiga senti 5, ba a kuwa ƙara ko anini ba har ranar 30 ga Yuni 1951 da aka rufe layin. Tarago mai lamba 21 ya zauna a waje, rana da ruwa suna dukansa, sai a 1977 waɗansu mutanen gari suka ɗauki aikin gyaransa ba da biya ba. Shekara bakwai suna fama da katako da waya da fenti. Suka sake shimfiɗa dogo mai tsawon mil ɗaya da rabi a titin Mountain Avenue, a ƙarshen 1984 kuma taragon ya koma ɗaukar mutane. Har yanzu yakan fita ranakun Asabar da Lahadi a lokacin zafi. Haka nan a garin Bendigo na Ostareliya, da aka tsayar da taragun haya a 1972, mutanen gari suka hana a watsar da su, aka mai da layin na masu yawon buɗe ido.

Mazauna Ikko su tuna cewa nan ma an yi ƙaramin tarago mai tururi, wanda ya fara ƙetare gadar Carter daga Iddo a 1902, aka daina aiki da layin a 1933. Yau sai dai a hoto ake ganinsa.