FASHIN BAƘI: Abin da jiragen tsere na zaren kabon ke koyarwa kan haɗarin kwale-kwale a Arewa

Kogin Kaduna, wanda mazauna Unguwar Dosa da Malali da Unguwar Rimi suka tashi suna gani a gabashin birni, yana ƙare tafiyarsa ne a Kogin Neja, daura da garin Patigi na Jihar Kwara. A yankin Patigi ne, cikin watan Yunin 2023, wani jirgin katako ɗauke da ’yan biki ya kife da daddare, fiye da mutum 100 suka rasu.

Bayan kowane haɗari irin wannan, hukumomi kan ɗora laifi a kan katako. A 2025, Ministan Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa, Adegboyega Oyetola, ya nemi jihohi su raba jama’a da jiragen katako, su koma na faiba da na alminiyom. Domin a auna ko sauya kayan ƙira kaɗai zai wadatar, yana da kyau a leƙa inda fasahar ƙera jirgi ta kai maƙura, wato jiragen tsere na zaren kabon waɗanda iska ke turawa.

Mene ne zaren kabon?

Faiba iri-iri ce. Wadda ake magana a kanta a Nijeriya ta zaren gilashi ce, mai sauƙin kuɗi da sauƙin gyara. Zaren kabon kuwa wani siriri ne ƙwarai, wanda kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na gashin mutum ba. Masana a Japan da Ingila ne suka inganta hanyar yinsa a farkon shekarun 1960, kuma masu ƙera jiragen sama ne suka fara rububinsa.

Ana saƙa zaren kamar yadi, a jera shi hawa-hawa a cikin mazubi mai siffar jirgin, a jiƙa shi da wani ƙaro na sinadari, sannan a gasa har ya daskare. Sau da yawa ana sa wani abu marar nauyi, mai kama da saƙar zuma, tsakanin fata biyu na kabon. Abin da ake samu yana da kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin ƙarfe mai girmansa, kuma da wuya ya lanƙwashe. Injiniya yana iya shimfiɗa zaren ta ɓangaren da nauyi zai fi dannawa, abin da katako ba ya bayar da dama.

Yadda jirgi ke wuce iskar da ke tura shi

A gasar Kofin Amurka, wadda ta samo asali tun 1851, jiragen da ake kira AC75 suna da tsawon kusan mita 23, amma nauyinsu bai wuce tan shida da ’yan kai ba. Da su aka fafata a Basalona cikin Oktoban 2024, inda ƙungiyar New Zealand ta doke ta Birtaniya da ci 7 da 2. Gudunsu yana haura kilomita 90 a sa’a, wato ninki uku ko fiye na gudun iskar da ke kaɗawa.

Sirrin yana ƙarƙashin ruwa. Ruwa ya fi iska kauri da kusan ninki 800, saboda haka shi ne babban abin da ke riƙe jirgi. Masu ƙira sun maƙala wa jiragen wasu fikafikai masu nutsewa. Idan jirgi ya fara gudu, fikafikan sukan ɗaga gangar jikinsa gaba ɗaya sama da ruwa, kamar yadda fiffike ke ɗaga jirgin sama. Ƙyallen kama iskar ma aikin fiffike yake yi, kuma gudun jirgin yana ƙara masa ƙarfin iskar da yake samu. Duk wannan ba zai yiwu ba sai jirgin ya kasance marar nauyi, shi ya sa ake lissafa kowane kilo.

Kabon ma yana karyewa

Ƙarfe yakan lotsa kafin ya tsinke, katako yakan yi ƙara ya tsage. Kabon kuwa yakan ɓalle farat ɗaya, kuma raunin da ke cikinsa ba ya bayyana ga ido sai an duba da na’ura.

A watan Maris na 1995, a gaɓar San Diego ta Amurka, jirgin tsere na OneAustralia ya dare gida biyu ana tsaka da gasa, ya nutse cikin kimanin minti biyu. An ceto dukan mutum 17 da ke ciki. A ranar 30 ga Nuwamban 2020, jirgin Bafaranshe Kevin Escoffier ya karye a tsakiyar teku, kudu da Afirka ta Kudu, yayin gasar zagaye duniya ta Vendée Globe. Ya shafe kusan sa’a 11 a cikin robar ceto kafin abokin takararsa, Jean Le Cam, ya tsamo shi.

Ba kullum ake tsira ba. A watan Mayun 2013, Andrew Simpson, ɗan Birtaniya mai lambar zinare ta Olamfik, ya rasu a San Francisco sa’ad da jirgin Artemis ya kife wajen atisaye. Rasuwar mutum ɗaya ta sa aka yi bitar matakan tsaro na gasar, aka ƙara wa matuƙa kayan kariya, aka kuma rage ƙarfin iskar da aka yarda a fita a cikinta.

A kwatanta da Wara

A ranar 26 ga Mayun 2021, wani jirgin katako da ya taso daga Jihar Neja ya dare gida biyu kusa da Wara, a Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi. Fasinjojinsa sun haura 150, kuma kimanin 20 kawai aka ceto. Wata shida bayan nan, ranar 30 ga Nuwamba, aƙalla mutum 29, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, suka rasu a ruwan Bagwai na Jihar Kano. A daren 1 ga Oktoban 2024, wani jirgi mai ɗauke da kusan mutum 300 ya kife a Gbajibo, cikin Ƙaramar Hukumar Mokwa.

Jirgin San Diego da na Wara karyewa iri ɗaya suka yi, amma sakamakon ya sha bamban. Abin da ya raba su tsari ne. A Kofin Amurka na 2024, alƙalai sun auna jirgi, sun auna nauyin matuƙansa takwas. Ba a soma tsere idan iska ta wuce kusan kilomita 39 a sa’a. Kowa yana sanye da rigar kariya, kuma jiragen ceto suna biye.

Nijeriya ma tana da ƙa’idoji. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lokoja, ta haramta tafiyar dare da lodin da ya wuce ƙima, ta kuma wajabta rigar kariya. Sai dai a mashigu da yawa babu mai ƙirga fasinja, kuma yawansu ne cinikin mai jirgi.

Abin da ya kamata a tambaya

Zaren kabon ba na mashigar Neja ba ne: yana da tsada, gyaransa sai ƙwararru, kuma kututtukan itatuwa da ke ɓoye a Tafkin Kainji tun bayan kammala madatsar a 1968 za su iya farfasa shi. Zaren gilashi ya fi dacewa, domin ba ya ruɓewa kamar katako, kuma ana iya gina masa ɗakunan iska da za su hana shi nutsewa ko ya cika da ruwa. Amma jirgin faiba na mutum 50, idan aka zuba masa 150 da buhunan hatsi da babura, kifewa zai yi.

Saboda haka, duk lokacin da wata gwamnati ta sanar da sayen jiragen faiba, akwai tambayoyin da suka wajaba: Mutum nawa kowane jirgi zai ɗauka, kuma an rubuta adadin a jikinsa? Wa zai tsaya a mashiga ranar kasuwa, kuma daga wane kasafi za a biya shi? Ina jirgin ceto mafi kusa? Me aka tanadar wa masassaƙan da sana’arsu ta dogara da katako?

Ƙwarewar ruwa ba baƙuwa ba ce a Arewa. Tseren kwale-kwale na bikin Rigata a Yauri da na bikin kamun kifi na Argungu sun isa shaida. Abin da ya rage shi ne ma’auni, da jami’in da zai iya hana jirgi tashi idan lodi ya yi yawa.